Ƙanina zai fito daga gidan gyaran hali: mene ne amfanin sa ido da kulawar bayan sallama?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ƙanina ɗan shekara 26 ne. An kama shi da ƙwaya, an ɗaure shi wata 14, saura mako shida ya fito. Tiramol da kodin ya fi sha, wani lokaci ya haɗa da maganin barci. An ce mana ko ya fito ba a gama da shi ba, zai yi shekara guda yana kai kansa wurin wani jami'i ana gwada fitsarinsa, kuma zai riƙa zuwa wani zama da suke kira kulawar bayan sallama. Mahaifiyarmu ta ce a kulle shi a gida kawai. Babban yayanmu ya ce a tura shi nesa inda bai san kowa ba. Ni kuma gani nake tarko aka ɗana masa don a mayar da shi. Tunda ya fi shekara bai sha ba, ai ya warke ko? Kuma in muka ga ya koma, mu gaya wa jami'in ne ko mu rufa masa asiri?"

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya fito da shi lafiya, ya saka miki da alheri da kika fara tunanin fitowar tun da sauran mako shida. Yawancin iyalan da ke zuwa wurina sai yaro ya yi wata biyu a gida, an fara neman waya ko kuɗi ana rasawa, sannan a tuna da neman shawara. Alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

In na fahimce ki, damuwarki uku ce: ko ya warke, ko wannan tsarin na jami'i da gwaji taimako ne ko tarko, da kuma inda ku mutanen gida za ku tsaya idan abu ya lalace. Aikina ke nan na shekaru, zama da waɗanda aka sallamo daga ɗauri ko daga cibiyar jinya da kuma iyalansu, don haka zan gaya miki abin da aka tabbatar da abin da idona ya gani.

Ya warke ne?

An raba shi da ƙwaya, wannan gaskiya ne. Jikinsa ya daɗe da wuce wahalar janyewa, ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da rashin barci duk sun zama tarihi. Amma wannan shi ne ɓangare mai sauƙi, kwanaki kaɗan yake ɗauka ko 'yan makonni. Abin da bai gwada ba tukuna shi ne ya ƙi ƙwaya alhali tana gabansa, da kuɗi a aljihunsa, ransa kuma a ɓace. A ɗaure, bango ne yake ƙi masa. A waje shi zai ƙi da kansa, kuma sau da yawa a rana.

Ƙwaƙwalwar wanda ya daɗe yana sha takan ɗaure ƙwayar da duk abin da ke kewaye da ita: lungun da ake saye, muryar abokin da ake sha tare, lokacin yamma da aka saba, har jin kuɗi a hannu. Waɗannan ba sa gogewa don an yi shekara ba a gan su ba. Suna nan kwance, ranar da ya bi ta lungun sai sha'awar ta taso masa kamar jiya ya bari. Wani da nake kula da shi ya taɓa gaya min cewa ƙarar ɓare ƙwaya daga takardarta kawai ya ji, a hannun wata tsohuwa da ke shan maganin hawan jini, sai ya ji bakinsa ya cika da yawu, hannunsa na rawa. Wata tara ke nan rabonsa da sha.

Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta daɗe tana cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinyar jaraba sukan koma, adadin da bai fi na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke dawowa ba. Na kawo miki wannan ne don ku daina kallon ranar fitowarsa a matsayin ƙarshen magana. Mai hawan jini ba a sallamarsa daga asibiti a ce shi ke nan, ana ba shi ranar dawowa. Kulawar bayan sallama ita ce ranar dawowar ƙaninki.

Sa ido daban, kulawa daban

Mutane kan cakuɗa su, har wasu ma'aikatan ma. Sa ido na shari'a ne, wato ɗaurin talala: kotu ko hukuma ta sake shi bisa sharuɗɗa, jami'i yana bibiya ya ga an cika. Kai kansa ranar da aka sa, gwajin fitsari, zama a adireshin da aka sani, wani lokaci hana fitar dare ko hana hulɗa da wasu mutane. In ya saɓa, akwai hukunci. Kulawa kuwa ta lafiya ce da rayuwa: likita, mai ba da shawara, magani in ana bukata, wurin kwana, sana'a, gyara tsakaninsa da iyali. Ɗaya tana tambaya "ka sha?", ɗaya tana tambaya "me ya faru kafin ka sha?"

Abin sha'awa, tun asali tare aka haife su. A shekarar 1841 wani mai ɗinkin takalma a birnin Boston na Amurka, John Augustus, ya roƙi alƙali ya ba shi wani mashayin giya da za a ɗaure, ya tsaya masa, ya kai shi gida, ya dawo da shi kotu bayan mako uku a natse. Daga nan ake lissafin farkon wannan tsari na sakin mai laifi a hannun mai sa ido, kuma ki lura, mutumin farko da aka fara da shi mashayi ne, wanda ya tsaya masa kuma ba ɗan sanda ba ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin Tokyo a 1990 kan hukuncin da ba na ɗauri ba, sannan ƙa'idojin Nelson Mandela na 2015, waɗanda Majalisar ta fitar kan yadda za a kula da fursunoni, suka faɗa ƙarara cewa nauyin da ke kan al'umma ba ya ƙarewa da sakin fursuna, dole a samu masu kula da shi bayan fita. Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. A birnin Miami na Amurka aka buɗe kotun masu shaye-shaye ta farko a 1989, inda alƙali da kansa yake bibiyar jinyar mutum. Fotugal tun 2001 ta daina kai wanda aka kama da ɗan abin shansa kotun laifi, wani kwamiti ne yake zama da shi. Singafo kuwa ta tsananta, sa idonta kan kai shekara biyar.

To, tarko ne? Zai iya zama tarko, ba zan ɓoye miki ba. Sa ido tsagwaronsa, wanda ba jinya a ciki, abin da ya fi iyawa shi ne kama mutum. Yawan gwaji da yawan sharuɗɗa suna ƙara yawan waɗanda ake mayarwa, ba don sun yi sabon laifi ba, sai don sun makara ko sun rasa kuɗin mota ranar ganin jami'i. Amma idan aka haɗa shi da kulawa ta gaske, yana yin wani aiki da iyali ba za su iya ba. Yana ba mutum dalilin ƙi a lokacin da nasa dalilin bai yi ƙarfi ba. Da yawa sun gaya min cewa a watannin farko abin da ya cece su a gaban tsofaffin abokai shi ne su ce "ana gwada ni ranar Litinin". Wannan uzuri ne da ba ya zubar da girma a majalisa, kuma dila da kansa ba ya son wanda hukuma ke bibiya ya riƙa zuwa masa.

Abin da ke sa sa ido ya yi aiki ba tsananin hukunci ba ne. A jihar Hawaii ta Amurka wani alƙali, Steven Alm, ya fara wani tsari a 2004: a gaya wa mutum tun farko abin da zai biyo bayan kowane saɓawa, a zartar nan take, kuma ya zama ƙarami, kwana biyu ko uku maimakon shekaru. A can ya yi tasiri, ko da yake da aka gwada shi a wasu jihohi huɗu sakamakon bai yi armashi haka ba. Ni dai abin da na ɗauka daga ciki, wanda kuma na gani a aikina, shi ne mutum ya fi kiyaye dokar da ya san iyakarta. Wanda aka ƙyale sau biyar sannan a na shida aka mayar da shi shekara biyu, bai koyi komai ba sai cewa abin sa'a ne.

Saboda haka ku nemi takardar sharuɗɗan tun yanzu, ku karanta ta tare da shi layi-layi. Ku je ganin jami'in da shi a zaman farko in an yarda. Ku yi tambayar da kowa ke jin nauyin yi: idan gwaji ya nuna ya sha sau ɗaya, me zai faru? Idan shi ya zo da kansa ya faɗa kafin gwaji fa? Abin da ya gaya wa mai ba shi shawara, yana isa kunnen jami'i ko sirri ne? Amsoshin sun bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma abin da ke cikin takardarsa shi ne doka a kansa, ba abin da na faɗa ba.

Mako biyun farko

In za ki manta duk abin da na rubuta, kada ki manta wannan. Lokacin da ya fi hatsari a rayuwar ƙaninki ba lokacin da yake sha kullum ba ne, makonnin farko ne bayan ya fito.

Mai shan tiramol ko kodin ko hiroyin, jikinsa yakan saba, har ya kai yana shan abin da zai kashe wanda bai taɓa sha ba. Idan ya yi watanni bai sha ba, wannan sabon ya tafi, amma shi a ransa yana tuna adadin da ya saba. Ranar da ya yi tuntuɓe, sai ya ɗauki adadin da, jiki kuwa ya koma na sabon shiga. Waɗannan ƙwayoyi numfashi suke dannewa. Ga shi kin ce yana haɗawa da maganin barci, wanda shi ma numfashin yake dannewa, haka ma giya. Wani bincike da aka buga a 2007 ya bi sawun fursunoni fiye da 30,000 da aka saki a jihar Washington ta Amurka, ya gano cewa a mako biyun farko hatsarin mutuwarsu ta hanyar wuce kima da ƙwaya ya ninka na sauran jama'a sau 129. An yi irin wannan bincike a wasu ƙasashe, adadin yakan bambanta, amma duk wuri ɗaya suke nunawa.

Ku gaya masa wannan baki da baki kafin ya fito. Wasu iyaye kan ce yin maganar kamar ba shi izini ne. Ni kuwa na halarci jana'izar yaron da iyayensa suka ji kunyar yi masa ita. Kwana tara da fitowa, an same shi a ɗaki da safe, mahaifiyarsa ta ji minsharinsa cikin dare ta ce gajiya ce, a bar shi ya huta. Wannan minsharin mai kama da shaƙewa alama ce. Sauran alamun su ne a tashe shi ya ƙi tashi ko da an murza masa ƙashin ƙirji da ƙarfi, numfashi ya yi jinkiri sosai ko ya riƙa tsayawa, leɓe da farce su canza launi, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura.

Akwai magani mai suna nalokson da ke kore tasirin wannan dangin ƙwayoyi cikin mintuna, ana yin allurarsa, akwai kuma na fesawa a hanci. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba da shi ga duk wanda zai iya tarar da irin wannan hali, har da iyali. Ku tambayi likita ko cibiyar da za ta kula da shi yadda za ku samu, ku koyi amfani da shi. Ƙarfinsa yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuma tana iya fin haka daɗewa a jiki, don haka ko ya farfaɗo asibiti za a kai shi. Nalokson ba ya aiki a kan maganin barci, kuma tiramol na da nasa sharrin na daban, yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Kafin taimako ya iso a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai a baki, kada a bar shi shi kaɗai.

Gwajin fitsari

A taƙaice, gwaji yana ganin 'yan kwanakin baya ne kawai. Kodin da hiroyin da hodar iblis kwana biyu zuwa huɗu, wiwi kuwa ga wanda ya daɗe yana sha yakan kai wata guda. Gashi yana riƙe tarihin wajen wata uku. Gwajin gaggawa na kofi yana iya kuskure, wasu magungunan asibiti na iya sa ya nuna abin da babu, shi ya sa in sakamako ya zo da gardama ake da haƙƙin neman a tabbatar a babban ɗakin gwaji. Duk maganin da likita ya rubuta masa ya ajiye takardar, ya nuna wa jami'i kafin gwaji, ba bayansa ba. Kuma tiramol ba ya fitowa a gwajin da aka saba yi wa dangin kodin sai an sa nasa na musamman, don haka fitsari mai tsabta ba shaidar komai ba ne in ba a san me aka nema ba. Kada wani a gidan ya kuskura ya ba shi fitsarinsa. Na ga ƙanin da ya yi wa yayansa haka don tausayi, ya saya masa wata uku na sha ba mai sani, ƙarshenta a gadon asibiti aka gane.

A kulle shi, ko a tura shi nesa?

Ina fahimtar Mama. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma kulle shi a gida ƙara masa wa'adin ɗauri ne kawai, an canza mai gadi. Ranar da za a buɗe ƙofar tana nan tafe, kuma zai fito bai koyi komai ba sai haushin mutanen gida. Ga kuma sharuɗɗan da dole ya fita ya cika. Balle a kai ga sa mari ko sarƙa, abin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ce a 2020 ta samu ana yi wa masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Ban taɓa ganin wanda sarƙa ta raba da ƙwaya ba, amma na ga waɗanda ta raba da iyayensu.

Maganar Yaya tana da ƙamshin gaskiya fiye da haka. A lokacin yaƙin Biyetnam kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙananan sojojin Amurka da ke can sun kamu da jarabar hiroyin da danginta. An zaci za su dawo su cika gari da mashaya. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawunsu, ta tarar a shekarar farko da dawowa kusan kashi 5 ne kawai na waɗanda suka kamu suka koma cikin jarabar, cikin shekara uku kuma kusan kashi 12. Sun bar wurin, sun bar abokan, sun bar fargabar yaƙi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, raba mutum da majalisarsa kuwa rabin aiki ne.

Sai dai ki duba inda sojojin suka koma: gida, wurin iyali da aiki da mutanen da suka san su. Ba wurin da ba su san kowa ba aka jefa su. Wanda aka tura baƙon wuri, ba aiki, ba mai tambayarsa ina ka kwana, cikin mako guda zai gano inda ake sayarwa, domin mashaya suna gane juna ko ba su jin yaren juna. In za a canza masa wuri, a canza zuwa hannun wani tsayayye da ya san komai ba a ɓoye masa ba, da aikin yi tun ranar farko, da cibiyar da za ta karɓi kulawarsa, kuma da izinin jami'insa a rubuce. Tafiya ba izini saɓa sharaɗi ce, kun mayar da shi da hannunku ke nan. Akwai kuma hanya ta tsakiya inda ake da ita, gidajen da masu murmurewa ke zama tare suna biyan haya suna gudanar da kansu, irin tsarin Oxford House da aka fara a jihar Maryland ta Amurka a 1975.

Ko ina ya zauna, babban abokin gabarsa shi ne wuni. Mai shaye-shaye ƙwaya ce take tsara masa rana: neman kuɗi, neman dila, sha, farfaɗowa. In an cire ta sai a bar rami na awa goma sha shida. Nakan sa wanda nake kula da shi ya rubuta min gobe awa-awa a takarda, duk inda na ga fili na awa uku ba komai, nan nake sa yatsa in ce a nan za ka faɗi. Aiki ko koyon sana'a, ko da ba riba a farko, ya fi kowace nasiha. Game da kuɗi kuma, kada a damƙa masa da yawa a dunƙule a watannin farko, ranar samun kuɗi ranar hatsari ce. Amma a yi shi da yardarsa, da wa'adin da za a sassauta, kada ya zama namiji ɗan shekara 26 yana roƙon kuɗin aski.

Yadda za ki gane kulawa ta gaske

Ba kowane zama da aka kira kulawa ne kulawa ba. Wani wurin sa hannu ne kawai a rajista. Ta gaske tana farawa da likita ya duba shi ciki da bai, domin sau da yawa akwai abin da ƙwayar take rufewa: ciwon damuwa, fargaba, rashin barci, wani tsohon ciwon jiki, ko wani abu da ya same shi yana yaro bai taɓa faɗa ba. In ba a taɓa wannan ba, an share ɗaki ne an bar rufin yana yoyo. In ya taɓa yin allura, a gwada shi ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki.

Ga masu jarabar dangin kodin da hiroyin akwai magunguna: metadon da bufrenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin magunguna masu muhimmanci tun 2005, sai naltirekson mai toshe tasirin ƙwayar. Iyali da yawa kan ce ai an canza ƙwaya da ƙwaya ne. Ni ma da na fara aiki haka nake gani, sai da na ƙirga waɗanda suka rayu. Biyun farko suna rage mutuwa ƙwarai, mutum yana shan su ya je aiki ya yi aure ya riƙe gida. Ko ƙaninki yana bukatarsu bayan wata 14 ba sha, wannan hukuncin likitan da ya gan shi ne, ni daga wasiƙa ba zan yanke ba. Ga masu hodar iblis da ƙwayar methamphetamine da ake kira ƙanƙara babu maganin da aka amince da shi tukuna, abin da ya fi aiki a kansu shi ne ba da ɗan tukuici duk lokacin da gwaji ya fito da tsabta. Mutane na dariya in na faɗa, amma hujjarsa tana da ƙarfi.

Sai tsawon lokaci. Jinyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne, kuma bibiya mai sauƙi da ta daɗe, ko da kiran waya ne da zama duk bayan wata uku, ta fi mai zafi da ta ƙare da wuri. Akwai kuma zaman 'yan uwa masu murmurewa, irin Narcotics Anonymous da aka kafa a 1953, ko SMART Recovery. Wani yana samun kansa a can, wani ba ya jurewa. Ya gwada sau da yawa kafin ya ce ba nasa ba ne. Amfaninsu shi ne akwai wanda zai kira ƙarfe biyun dare wanda ba zai firgita ba, ba kuma zai yi masa wa'azi ba.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce cikin mutum miliyan 64 masu wannan matsala a duniya, ɗaya cikin 11 ne kawai ke samun jinya. Wato abin da aka wajabta wa ƙaninki, wasu nema suke ba su samu ba. In kuka tarar wanda aka ba shi na sa hannu ne kawai, ku cika shi don doka, ku nemi na gaske a gefe.

In ya koma

Masanin halayyar ɗan Adam Alan Marlatt ya bambanta tuntuɓe da komawa ruwa. Tuntuɓe shi ne ya sha sau ɗaya. Abin da ke mayar da shi komawa ruwa shi ne tunanin da ke biyo baya: na ɓata komai, ni dama ba mutumin kirki ba ne, tunda na jiƙe bari in yi wanka. Sai kunya ta sa ya ɓoye, ɓoyewa ta sa ya sha shi kaɗai a ɗaki a kulle, wanda shi ne shan da ke kisa. Don haka duk tsarin da za ku yi a gida, ku auna shi da abu ɗaya: in ya sha yau, faɗa ta fi masa sauƙi ko ɓoyewa?

Shi ya sa ba na son 'yan uwa su zama 'yan sanda. Jami'i yana nan, an biya shi ya yi zargi. In ke ma kina shinshinar bakinsa, kina bincikar aljihunsa, kina duba idonsa duk shigowa, to ba shi da sauran wurin da zai faɗi gaskiya. Rufa asiri irin na yi wa jami'i ƙarya, ko biyan bashin dila a ɓoye, shi ma ba taimako ba ne, ƙwayar kuke yi wa hidima. Abin da nake sa iyalai su yi shi ne yarjejeniya tun ana zaman lafiya, a gabansa, da bakinsa a ciki. In ya yi tuntuɓe, yana da kwana ɗaya ya gaya wa mai ba shi shawara da kansa, ke kuma za ki raka shi. In bai faɗa ba, ke za ki kira mai ba da shawarar, kuma ya san da haka tun yau, don kada ranar ya ce an ci amanarsa. A yawancin wuraren da na sani, wanda ya kai kansa ya fi samun sassauci a kan wanda gwaji ya tona. Akwai kuma abubuwan da ba a jira a kansu ko na awa ɗaya: ya suma, ya yi maganar kashe kansa, ya ɗaga wa wani hannu, ko ya shigo da kayan sayarwa gida. Nan asibiti ne ko hukuma, ko zai yi fushi.

Wata rana wani saurayi ya shigo ofishina da yayarsa, ranar ba ranarsa ba ce. Ya zauna ya kasa ɗaga kai, yana ta murza hularsa. Ita ce ta ce, "Faɗa masa mana, ai ka riga ka faɗa min, mai wuyar ta wuce." Ya sha daren jiya, bayan an kore shi daga wurin aiki da aka gano ya taɓa zaman ɗauri. Muka kira jami'insa tare a wayata, aka ƙara masa zama da gwaji na wata biyu, ba a mayar da shi ba. Ya sake tuntuɓe sau ɗaya bayan haka. Yanzu shi ke raka sababbi.

Ba kowane labari ne ke ƙarewa haka ba. Na yi aiki da iyalan da suka yi komai daidai kuma suka rasa ɗansu, domin a ƙarshe akwai ɓangaren da shi kaɗai zai ɗauka, ba mai ɗaukar masa. Ban ga ƙaninki ba, ban san abin da ya kai shi ga sha ba, kuma shi ne mutumin da babu muryarsa a wasiƙarki. A ziyara ta gaba, kafin ku gaya masa abin da kuka shirya, ki tambaye shi me ya fi tsoro game da fitowa, da wane lokaci na rana yake ganin zai fi masa wuya, da wa yake so ya zo ɗaukarsa. Ranar fitar kuma wani ya kasance a bakin ƙofa tun kafin a buɗe, da sabon layin waya, domin tsohon layin cike yake da lambobin da ba ya bukata, kuma a riga an karɓo masa ranar ganin likita a cikin makon farko.